Malam Nasidi da Ragar da Babu Kowa

A Zurmi akwai Nasidi uku da aka sani. Akwai mai gyaran rediyo, akwai mai sayar da buhunan wofi a bakin kasuwa, akwai kuma wanda idan ka ambaci sunansa sai an fara dariya kafin a nuna maka gidansa. Na ukun nan shi ne Malam Nasidi Gola, tsohon malamin wasanni na Kwalejin Tudun Faru, wadda ke bayan gari ta hanyar Gurbin Bore. Shekara ashirin da shida ya yi yana koya wa 'ya'yan mutane ƙwallo. Bai taɓa zagin uban yaro ba, bai taɓa makara ba, amma garin bai riƙe ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ya yi cikin minti ɗaya, wata Asabar bayan la'asar, shi kaɗai aka riƙe.

A Gurbin Bore aka haife shi, a gidan manoman gero da dawa. Tun yana yaro zanƙalele ne, hannuwa har gwiwa, tafin hannu kamar faifai. Ubansa ya dubi hannuwan nan ya yi hamdala, ya ce an samu mai riƙe galma. Ashe ƙwallon tsumma za su ƙare da kamawa. Da ya tafi makarantar horon malamai a Ƙaura Namoda, sai ya zama mai tsaron gidan ƙungiyar gari, a zamanin da ake rufe shaguna don a je kallon tamaula. Wai akwai ranar da ya tare fenariti uku a wasa ɗaya da mutanen Gusau. Na ce wai, domin shi kaɗai ya rage mai ba da labarin, kuma ya maimaita shi har matarsa Kulsumu, wadda ba ta taɓa leƙa filin ƙwallo ba a lokacin, tana iya nuna maka ɓangaren da ya faɗi a kowane bugu. Daga baya gwiwarsa ta hagu ta goce, aka ɗaure ta wajen mai ɗori, ta kama a karkace. Ƙwallo ta ƙare masa, aka tura shi Tudun Faru da usur a wuya.

Sai an san yadda gasar kwalejoji take kafin a gane ciwon mutumin nan. Kwamitin gasa ya raba makarantu shiyya-shiyya. Kowace shiyya za ta kara a tsakaninta, zakaranta ya tafi Gusau, wanda ya yi nasara a Gusau kuma shi ke zuwa gasar ƙasa, inda masu nema wa manyan kulob 'yan wasa ke zama suna rubuta sunaye. Shiyyar Ƙaura kwaleji shida ce, duk a cikin gari ko gefensa, kowace Asabar ana gwabzawa har yara su san zafin takalmin juna. Tudun Faru kuwa Shiyyar Iyaka aka jefa ta, tare da wata kwaleji a Shinkafi, wata a Jangeru, da wata ta huɗu da ko jesi ba ta da shi. Da yake Tudun Faru kaɗai ke da fili mai turakun ƙarfe da raga, sai aka ce duk wasannin shiyya a can za a riƙa yi.

Da can ana bugawa, ko da ƙwallon ba ta taka kara ta karya ba. Sai 'yan bindiga suka kama daji da hanyoyi. Babu shugaban makarantar da zai zuba 'ya'yan mutane goma sha takwas a a-kori-kura ya bi da su hanyar Shinkafi zuwa Zurmi saboda tamaula, kuma babu mai ganin laifinsa. Amma kwamiti yana can a zaune ƙarƙashin fanka, jadawalin wasa yana fitowa kowace shekara da hatiminsa, kamar ba abin da ya faru. A nan Zurmi ta koyi abin da ake kira wokoba.

Ga yadda ake yin ta. Yara goma sha ɗaya za su sa jesi su jeru a fili. Alƙalin wasa zai tsaya a tsakiya, yana duban agogo yana duban hanya, har minti talatin. Idan abokan karawa ba su iso ba, kuma ba su taɓa isowa ba, sai ya busa usur. Kyaftin zai ja ƙwallo shi kaɗai daga tsakiya har gaban ragar da babu kowa a cikinta, ya zura. Alƙali ya rubuta uku da nema. Takardar kwamiti ta faɗa ƙarara cewa bugu ɗaya ne, kuma sai ƙwallo ta shiga raga sakamako yake tabbata. Akwai wani Muhtari da ya yi kyaftin shekara uku a jere, ya zura ƙwallo tara ta wannan hanya, har yau yana faɗa wa mutane cewa babu golan da ya taɓa tare bugunsa. Ba ƙarya ya yi ba. Bayan ya gama karatu sai aka dawo da shi kwalejin a matsayin mataimakin Malam Nasidi.

Garin kuwa abin ya yi masa daɗi. Kowace shekara kofi na zuwa, a ɗora shi bisa mota a zaga gari da kalangu, Firinsifal ya sa babbar riga a ɗauke shi hoto yana rungume da shi. Shekara bakwai a jere Tudun Faru ce zakaran Iyaka. Abin da garin ba ya gani shi ne Gusau. A can aka yi musu tara da nema, aka yi musu goma sha ɗaya da nema. Shekarar da suka dawo da bakwai da ɗaya, ɗayan ma wani ɗan bayan abokan karawa ne ya ci gidansu. Malam Nasidi yana kan benci ya ga golansa, yaron da ya horar da hannunsa shekara biyu, ya juya wa ƙwallo baya ya kare kansa da hannu, domin bai taɓa ganin baƙo ya ɗirko masa ita da mugunta ba. 'Yan kallon Gusau ba su da tausayi ko na anini. Da motar Tudun Faru ta shigo sai su tashi da tafi suna cewa ga zakarun wokoba nan, ga kocin raga babu kowa. Wannan suna ya shige shi har ƙashi.

Ba wai ba ya horar da yaran ba ne. Yana fito da su da sassafe su zaga fili har harshe ya fito, yana raba su gida biyu su kara. Amma yaron da kuke cin tuwo kwano ɗaya ba zai taka maka ƙafa da gaske ba, kuma Malam Nasidi ya san haka. Ya san matsalarsu ba ƙafa ba ce, shiyya ce. Don haka ya shiga rubuta wa kwamiti takarda a mayar da su Shiyyar Ƙaura. Shekara shida yana rubutawa. A ta shidan ya bi ayarin motocin da jami'an tsaro ke rakawa, ya je taron shiyya da kansa.

Sakataren Shiyyar Ƙaura wani Abbati ne, alƙalin wasa, tsohon ɗalibin Kwalejin Bakin Dogo, wadda ita ce dodon shiyyar. Mutum ne mai murmushi a kowane lokaci, irin murmushin da ba ya kaiwa ido. Ya karanta takardar, ya ninke ta, ya yi fifita da ita.

"Malam, mi kaka nema cikin wuta?" in ji Abbati. "Kana can kana cin kohi kowace shekara, ko zuhwa ba ka yi. Mu nan sai mun zub da jini muka ganin shi."

"Jinin nika so ɗiyana su zubar," in ji Malam Nasidi. "Na gaji da cin iska."

'Yan taron suka yi dariya, sannan suka amince, bisa sharaɗin cewa babu mai zuwa Zurmi. Tudun Faru ce za ta riƙa bin ayari tana zuwa Ƙaura duk wasa. Firinsifal ya sa hannu da sauri, domin a zatonsa kofin Ƙaura ya fi girma kuma zai fi kyau a hoto.

Shekarar farko an ci su kamar gyaɗa. Takwas da nema, shida da nema, wani makon biyar, a ce an samu sauƙi. Kofin Iyaka ya koma Shinkafi tare da wokobarsa, kantar ofishin Firinsifal ta zauna wayam. Mutanen Zurmi, waɗanda ba su taɓa tambayar abin da ke faruwa a Gusau ba, yanzu kowa ya zama masanin ƙwallo. Kulsumu tana suyar awara a ƙofar gida da yamma, sai samari su zo su tsaya da fuskar mutunci su ce, "Inna, a ba mu awara takwas da nema." Takan zuba musu ta karɓi kuɗinta. Sai ta shiga gida take sauke wa mai gidan nata.

"Kai ka janyo muna wanga," take cewa. "Muna zaune da mutuncinmu, kat tahi kar roƙo muna kunya har Ƙaura. Wa yat taɓa ganin mutum ya rubuta takarda shekara shida don a riƙa dukan shi?"

Shekara ta biyu aka fara jin uku da ɗaya, biyu da biyu, har suka doke wata kwaleji sau ɗaya. Golansu ya daina juya baya. Malam Nasidi yana dawowa daga Ƙaura fuskarsa a sake, yana neman wanda zai ba labarin yadda yaransa suka riƙe Bakin Dogo har hutun rabin lokaci. Babu mai saurare. Kunnen doki ba a ɗora shi a mota a zaga gari. Muhtari kuwa ya gano hanyar ofishin Firinsifal, kullum yana can da rana yana taya shi duban kantar nan, yana tuna masa zamanin da shi yake kyaftin.

A shekara ta uku Allah ya kawo Anas. Ɗan wani ƙauye ne kusa da Jangeru, da iyayensa suka baro gonakinsu suka dawo Zurmi suka raɓa a gidan dangi. Shekarunsa goma sha tara, ajinsa na ƙarshe, kuma a dokar gasa wannan ce shekararsa ta ƙarshe. Ba shi da surutu, ba ya duban babba cikin ido, amma idan ya sa wa ƙwallo ƙafar dama sai ka ji ƙararta daga bayan katanga. Malam Nasidi ya ciro tsohon takalminsa na ƙwallo daga ƙasan akwati ya ba shi, ya cusa masa tsumma a gaba don ya yi masa daidai. A kakar nan Anas ya zura ƙwallo goma sha huɗu, kowace a bayan gola mai rai da hannuwa biyu. Wani mutum daga wani kulob na Gusau ya zo kallo sau ɗaya, ya ja Malam Nasidi gefe ya ce idan yaron nan ya zo gasar Gusau zai kawo manyansa su gan shi.

Saura wasa ɗaya, da Bakin Dogo. Idan Tudun Faru ta ci, ita ce zakaran Ƙaura, ita ke zuwa Gusau, kuma a karon farko za ta je da haƙora. Amma akwai abin da ke cin Malam Nasidi. Ƙwallayen nan goma sha huɗu, babu ɗan Zurmi ko ɗaya da ya ga guda. Idan ya ba da labari a majalisa sai a ce, to Malam, mun ji, kamar fenariti ukun nan. Ya bincika takardun gasa ya gano cewa kowace ƙungiya tana da haƙƙin wasa ɗaya a gidanta. Hanya kuwa ta yi wata biyu lafiya lau. Ya koma Ƙaura ya kafe, ya nuna musu layin da yatsa, har suka sa hannu cewa wasan ƙarshe a Zurmi za a yi.

Kulsumu ta ce masa, "Ka bar shi Ƙaura. Can ɗiyan ga sunka saba ci. Mi za ka yi da idon mutanen garin ga?"

"Sai Zurmi ta gani da idonta," in ji shi. "Sau guda dai, Kulsumu. Su ga ƙwallo ta wuce mutum ta shiga ragar can."

Kwana uku ya yi yana gyaran fili. Ya sa aka tara tokar murhun kicin ɗin makaranta, ya ja layuka da ita da hannunsa, yana ɗingishi. Ya nemo zaren masunta ya ɗinke duk hudar da ke jikin raga. Ranar Asabar, tun kafin la'asar, garin ya juye a Tudun Faru. Masu rake, masu ƙanƙara, tsofaffi da tabarminsu, mata a kan katangar makaranta, har da Kulsumu da ta rufe kaskonta ta zo. Firinsifal yana kan kujera a inuwa, Muhtari a tsaye a bayansa. Abbati shi ne alƙali, tun Juma'a ya iso da ayari.

Bakin Dogo ba ta iso ba. Da safen nan an ji harbi kusa da wata gada a hanya, ko kuma an ce an ji, shugabansu ya ce ɗalibansa ba za su taka ko'ina ba. Yaran Tudun Faru suka jeru cikin jesinsu da aka wanke aka goge. Abbati ya tsaya a tsakiya yana duban agogo yana duban hanya. Minti goma, minti ashirin. Malam Nasidi yana bakin layi, idonsa a kan kwanar da mota za ta ɓullo. Sai wani daga cikin jama'a ya ɗaga murya.

"Wokoba!"

Aka fashe da dariya. Kafin ka ce me, fili duka ya ɗauka, ana tafi ana rerawa. Wasu suka ƙara da wanda aka ɗebo daga Gusau, raga babu kowa, raga babu kowa. Mutanen da suka yi shekara bakwai suna rawa a bayan kofin wokoba, su ne yau suke riƙe ciki saboda dariyarta. Abbati ya matso bakin layi. Ransa a ɓace yake, domin tsohuwar makarantarsa ce za ta faɗi ba tare da ta taɓa ƙwallo ba, amma murmushinsa yana nan.

"To, Malam," ya ce, yadda na kusa za su ji, "abin da kag gudo shi yab biyo ka har gida. Ku zura abinku ku tahi Gusau a yi maku abin da anka saba."

Ya koma tsakiya ya busa usur. Anas, wanda shi ne kyaftin, ya fara jan ƙwallo shi kaɗai, kansa a sunkuye. Wani shaƙiyyi ya naɗe takarda ya mayar da ita lasifika. "Ya yanke iska! Ya yanke ƙanen iska! Jama'a, yaron ga ba shi da tausai!" Mutane har da faɗuwa ƙasa.

Abin da ake bukata daga Malam Nasidi a wannan minti bai fi ya tsaya inda yake ba. Da ya tsaya, da Anas ya zura, da sun tafi Gusau. Ya sani sarai. Amma ya dubi yaron da ya ci gololi shida na Ƙaura ana yi masa dariya a gaban ragar wofi, ya dubi layukan tokar da ya ja da hannunsa, sai wani abu ya taso masa ya rufe masa ido. Ya cire hularsa ya jefar. Ya tattare rigarsa ya ɗaure a ƙugu. Ya ɗingisa ya shiga fili, ya tsaya a tsakiyar raga, ya buɗe dogayen hannuwan nan.

"Anas!" ya yi kira. "Buga da gaske! Awa Gusau!"

Ba nufinsa ya tare ba. Ya san da gwiwarsa da shekarunsa hamsin da biyar ko inuwar bugun Anas ba zai gani ba. So yake ƙwallon ta wuce shi kamar harsashi, raga ta girgiza, garin ya yi shiru, ko da shi ne za a ci.

Anas ya tsaya a kan ɗigon fenariti. Wanda ke gabansa malaminsa ne, mai furfura a gemu, wanda takalminsa ke ƙafarsa, wanda suke cin ɗumame kwano ɗaya idan ayari ya tsaya a hanya. Ga matar Malam can a kan katanga. Ga gari duka. A gidan da Anas ya tashi, yaro ba ya miƙa wa babba abu da hannun hagu, balle ya ɗirka masa ƙwallo a ƙirji ko ya sa shi faɗuwa a ƙasa a bainar jama'a. Don haka ya yi abin da ya ga shi ne ladabi. Ya sunkuyar da kai, ya gangara ƙwallon a hankali zuwa kusurwa, nesa da Malam, don ta shige abinta ba tare da ta taɓa mutuncin kowa ba.

Ƙwallon ta tafi tana birgima a kan ciyawa kamar kaza mai kiwo. Wani ya yi guɗa don izgili. Malam Nasidi ya ga abin da yaron ya yi, ya gane tausayinsa aka ji, kuma wannan ya fi masa dariyar gari zafi. Ya yi taku biyu, ya sunkuya, ya ɗauke ta da tafukan nan nasa kafin ta kai layi, ya wurga wa Anas.

"Na ce da gaske!"

Usur ya tashi sau uku. Abbati ya riga ya ciro takardarsa yana rubutu yana tafiya. Malam Nasidi ya tsaya da hannuwa a buɗe, sai a lokacin abin da ya aikata ya iso masa. Ya kira Abbati, ya ce a sake.

"Takarda ta ce bugu guda," in ji Abbati, yanzu murmushin ya kai har ido. "Ƙwallo ba ta shiga ba. Kocin gida yash shiga hili yak kama ta da hannu, gaban mutum dubu. Abin da nig gani shi za ni rubutawa, Malam. Ko kana so in yi ƙarya?"

A daidai nan Anas ya ɗaga kai ya sa wa ƙwallon ƙafar dama da duk abin da ke cikinsa. Ta wuce kunnen Malam Nasidi, ta tsinka zaren masuntan, ta fita ta bayan raga har gonar makaranta. Ba a taɓa yin bugu irinsa a filin nan ba. Kusan babu wanda ya gani, domin jama'a sun riga sun ɓarke cikin fili, wasu na zagi, wasu na kwaikwayon yadda Malam ya sunkuya.

Kwamiti bai ɓata lokaci ba wannan karon. Cikin mako guda takarda ta fito. An ba Bakin Dogo maki saboda masu masauki sun kasa tsare doka a filinsu, an mayar da Tudun Faru Shiyyar Iyaka tun da an ga babu mai iya zuwa musu, an hana Malam Nasidi zama a benci shekara biyu. Firinsifal bai jira shekara biyun ba. Ya miƙa wa Muhtari usur, ya ba Malam Nasidi makullin sito da aikin kaɗa ƙararrawa. Da shekara ta zagayo aka dawo da wasannin Iyaka filin Tudun Faru, kofi ya dawo kan kanta, kalangu ya zaga gari. A majalisa aka yi ittifaƙi cewa Muhtari koci ne, don ga shi a shekararsa ta farko ya yi abin da tsohon ya kasa a shekara uku.

Yaran gari suka ƙirƙiro wasa. Idan Malam Nasidi zai wuce, sai su gangaro masa da goruba ko ƙwallon mangwaro a gaban ƙafa, su ce, "Kama, Malam!" Manya suna tsawatarwa, amma da dariya a bakinsu. Kulsumu ba ta ce masa na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Ta daina suya a ƙofar gida kawai, ta koma yi daga ciki ana aiko yara saye.

Anas bai je Gusau ba. Mutumin kulob ɗin ya ga wasu yaran ya rubuta sunayensu. Anas ya gama kwaleji, wani ɗan'uwan uwarsa ya ba shi babur yana kabu-kabu tsakanin gari da ƙauyukan da ake iya shiga, ranar Alhamis kuma ya bi motocin albasa zuwa kasuwar Shinkafi yana dako. Takalmin ya wanke shi ya aiko wa Malam da shi a leda. Duk inda suka haɗu sai ya sauka daga babur ya rusuna ya gaishe shi, kuma wannan gaisuwa ta fi goruba ciwo.

Bara, bayan Malam Nasidi ya yi ritaya, wata Asabar da yamma yana dawowa daga duba 'yar gonarsa ta hanyar Gurbin Bore, gwiwa ta ƙi. Ya zauna a kan wani kututture. Sai ga Anas a kan babur, ya yi kauri, rana ta dafa shi. Ya tsaya ya gaishe shi, ya ce ya hau ya kai shi gida. Suka yi ta tafiya har suka fara hango katangar kwalejin, mutane cike a kanta. A nan tsohon ya yi tambayar da ya shekara huɗu yana haɗiyewa.

"Anas, mi yas sa ba ka buga da ƙarhi ba?"

"Kai malamina na," in ji Anas, bai juyo ba. "Ba ni iya kada ka ƙasa gaban Inna Kulsumu."

Babur ya ci gaba da tafiya. Malam Nasidi ya ɗauka maganar ta ƙare, har ya fara jin wani sanyi-sanyi a ransa. Sai Anas ya rage gudu saboda rami, ya yi magana a hankali, da ladabinsa na kullum.

"Kai hwa, Malam, mi yas sa ba ka bar ta ta wuce ba? Tahiyarta takai. Taku guda yar rage ta shiga."

Malam Nasidi ya buɗe baki. Daga bayan katanga usur ya tashi, aka yi ɗan shiru na tsawon tafiyar mutum ɗaya daga tsakiyar fili zuwa raga, sannan tafi ya ɓarke.

"Sun ci," in ji Anas, ya ƙara wuta.